Diskas: kifin adon da ya cinye mini alawus ɗin wata 4 kafin na iya riƙe shi

Tun ranar da na sa ɗan bidiyon kifayen da ke falona a wannan shafi, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wani ya tambaye ni ko na roba ne, wani ya ce nawa ne kilo, wani bawan Allah kuma ya ce yana da tankin roba mai lita 1,000 da ya taɓa kiwon tarwada a ciki, yana so ya zuba guda 200 ya gwada sa'a. Saƙon nan na ƙarshe shi ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani, domin irin tunanin da na shiga harkar da shi ke nan, kuma na sha wuya.

Sunan kifin diskas, a wurin masu sayarwa za ka ga an rubuta discus. Siffarsa ce ta jawo masa sunan: kewayayye ne, faffaɗa, ba kauri, kamar faifai. Babba yakan kai santimita 15 zuwa 20, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 a raye. Asalinsa kogin Amazon ne da rassansa a Kudancin Amurka, galibi a Burazil, sai Peru da Kolombiya. Wani masanin kifi a ƙasar Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1840, har yau akwai nau'in da ake kira da sunansa. A can gidansu ba a tsakiyar kogi yake zama ba, yana laɓewa ne a inda ruwa ya kwanta, cikin saiwoyi da itatuwan da suka faɗi. A kogi irin Rio Negro ruwan launin baƙin shayi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, yana da ɗan tsami, kusan babu sinadaran dutse a cikinsa, kuma da ɗumi yake shekara zagaye. Ka riƙe waɗannan abubuwa, domin duk wahalar kiwonsa daga nan ta taso.

Abin da zai ba ka mamaki, ɗan uwan karfasa ne, dangi ɗaya suke a wajen masana. Sai dai karfasa ɗan talaka ne, a kududdufin bayan gari ma rayuwa yake yi. Shi kuwa wannan ɗan lele ne. Waɗanda ake sayarwa yanzu yawanci ba daga Amazon aka kamo su ba, a gonakin Malesiya da Tailan da Jamus ake ƙyanƙyashe su, an yi ta haɗa iri har aka samu launuka irin su Blue Diamond da Red Melon, da Pigeon Blood wanda aka fitar a Tailan a farkon shekarun 1990. Waɗannan sun fi na daji juriya nesa ba kusa ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka.

Ni a ƙarshen bautar ƙasa na fara. Na karanta kasuwancin noma, na yi aikin koyon sana'a a gonar tarwada, ina ganin babu kifin da zai gagare ni. Na tara alawus ɗin wata 4, na sa mai gilashi ya haɗa mini akwati mai cin lita 100, na yi odar ƙanana guda 6 daga wani mai sayarwa a Legas. Ranar Talata na cika akwatin da ruwan bohol, ranar Alhamis kifin suka iso a motar dare. A watan Disamba fa, a Zariya, hunturu na kaɗawa. Da Umma ta leƙo ta gan su sai ta ce, “Yanzu waɗannan ba ci za a yi ba?” Na ce mata a'a, na kallo ne. Ta ce, “To Allah ya ba da sa'a,” da irin muryar da kowa ya san ma'anarta.

Kwana 3 na farko lafiya lau. A na 4 aka ɗauke wuta tun magariba, ba a dawo da ita ba sai hantsi. Da asuba na duba ma'aunin zafi, ruwan ya sauko daga digiri 29 zuwa 22. Kifin sun yi baƙi ƙirin, sun matse fukafukansu, sun taru a kusurwa. Sai na yi abin da mai tarwada ya saba yi in ya ga kifi ba kuzari: na ƙara abinci. Ba su ci ba, abincin ya ruɓe a ƙasa. Cikin kwana 9 na kwashe gawa 5. Na kira mai sayarwar ina faɗa, na ce ya turo mini marasa lafiya. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni tun yaushe matatata take aiki kafin kifin su zo. Na ce kwana 2. Ya yi shiru, ya ce, “Oga, kai ka kashe su.”

Gaskiya ya faɗa, kuma sanyin daren nan rabin laifin kawai ya ɗauka. Ragowar na ruwan ne. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa, ragowar abinci ma amoniya yake zama. Masu kaji sun san ta, ita ce warin nan mai hawa ido a ɗakin da aka daɗe ba a kwashe ba. A gonar tarwada muna zubar da ruwan ne mu sake sabo, shi ke nan. A akwatin gilashi kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke zama cikin soson matata, wasu su mai da amoniya ta koma nitirait, wasu su mai da nitirait ta koma nitiret. Biyun farko guba ne, dole awo ya nuna sifili. Ta ukun da sauƙi, ita ake ragewa da canjin ruwa, kuma ga diskas an fi so kada ta wuce miligiram 20 a kowace lita. Waɗannan bakteriya ba a kwana 2 suke taruwa ba, sukan ɗauki sati 4 zuwa 6. Wato sai ka kunna matata akwatin babu kifi, kana ɗan jefa abinci kaɗan yana ruɓewa don su samu abin ci, kana awo, har ka ga amoniya ta hau ta sauka, nitirait ta hau ta sauka. Sannan ka yi maganar sayen kifi. Idan kana da abokin da akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiyayyu ne, ka roƙi guntun tsohon sosonsa, zai rage maka kwanaki.

Wani kuskure da na ga mutane da yawa na yi: su ga soso ya yi datti, su kai shi bakin famfo su wanke tas, wani har da omo. Ka kashe ma'aikatanka ke nan. A cikin ruwan da ka zuƙo daga akwatin ake matse soso, sau 2 ko 3, a mayar.

Sai maganar irin ruwan. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, sai ka tara shi a duro kana hura masa iska kwana 1 ko 2, ko ka sa maganin kashe kulorin da masu kifin ado ke sayarwa, wanda ya fi tabbas. Na bohol ba kulorin, amma wani yana da nauyi, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin buta kuma sabulu ba ya kumfa sosai da shi. Ka sayi kayan awon pH da ƙaramin ma'aunin TDS mai kama da biro, ba su da tsada in aka kwatanta da kuɗin kifi ɗaya. Diskas na gona yana zama lafiya tsakanin pH 6 da 7, har ɗan sama da haka ma yana jurewa idan ruwan bai canjawa. Nan ne wurin da nake saɓawa da masu cewa lallai sai ka zuba magani ka sauko da pH. Tazarar lamba 1 a wannan ma'auni ninki 10 ce, to ka ga kifin da yau yake 7.5 gobe ka jefa shi 6.5 ba ƙaramin duka ya sha ba. Gara ruwan da ya tsaya wuri ɗaya ko da bai kai yadda ake so ba. Idan naka ya yi nauyi da yawa, ka surka shi da ruwan da aka tace da injin RO, irin wanda masana'antun fiya wata da dama ke amfani da shi, ko da ruwan sama, ban da na farkon damina da ya wanko ƙurar kwano. Kuma ka riƙa surkawa da ma'auni ɗaya kullum.

Canjin ruwa shi ne ainihin aikin, shi ne kuma inda yawancin mutane ke gajiya. Manya ina canja musu kusan kashi 30 cikin 100 sau 2 zuwa 3 a sati. Ƙanana masu tasowa kullum ne, ba fashi, domin suna cin abinci sau 4 ko 5 a rana, datti kuma yana hana su girma. Sabon ruwan ya zama zafinsa daidai da na ciki. Saboda haka nake da duro a gefe da tasa hitar. Kuma ina ba mai farawa shawara ya bar ƙasan akwatin haka nan, ba yashi ba tsakuwa. Bai kai mai tsirrai kyau a hoto ba, amma duk kashin da ya faɗi kana ganinsa, da tiyo za ka zuƙe cikin minti 5.

Yanzu ga babbar matsalarmu, wadda bidiyoyin Turawa ba za su gaya maka ba domin su ba a ɗauke musu wuta. Diskas yana son digiri 28 zuwa 30. Ƙasa da 26 na tsawon lokaci, cin abinci ya ragu, cuta ta samu ƙofa. Ƙa'idar da aka saba ita ce wat 1 na hita ga kowace lita, wato akwati mai lita 300 yana son wat 300. Na fi son hita 2 masu wat 150, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta riƙe, in kuma ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa kifin da sauri ba. To bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A daren hunturu, ka ɗauka hitar tana aiki rabin lokaci: wat 150 sau awa 10, kilowat-awa 1.5 ke nan. Batirin inbata mai 200Ah a bolt 12 kilowat-awa 2.4 yake ɗauka a takarda, kuma irin na dalma rabi ake so ka ja in kana son ya daɗe, saura 1.2. Ka ga batir ɗaya bai kai ka asuba ba, ba a ma sa firji da fanka da cajin waya ba.

Abin da ya cece ni ba ƙarin batir ba ne, farin soson nan ne da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin. Na manna shi a bayan akwatin da gefe biyu da ƙasa, na yi murfi mai rufewa sosai, da dare kuma na lulluɓe gaban da bargo. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa, shi ya sa babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, ko da yake mai farawa akasin haka yake zato. In abin ya yi tsanani, ina tafasa ruwa a gas in cika gorunan roba in rufe su in jefa su yi yawo a sama. Kada ka zuba ruwan zafi kai tsaye. Sannan ka mallaki ƙaramin famfon iska mai batir. Wat 5 ne ko ƙasa, amma shi ke riƙe numfashin kifin da na bakteriyar da ke cikin soso. Wannan ne ma dalilin da ya sa na fi yarda da matatar soso a kan babbar matata rufaffiya mai aiki da lantarki: idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba bakteriyar da ke ciki sukan mutu don rashin iska, in ta dawo sai injin ya turo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwatin.

A watan Afrilu kuma labarin juyawa yake yi. Ruwa yakan haura 33, kuma ruwan ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Sai a buɗe murfi a sa raga, a juya fanka tana kaɗa saman ruwan, a ƙara iska. Ƙanƙara kam a'a.

Akwatina na yanzu tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 ke nan, da manya 6 a ciki, kowanne ya samu lita 50. Ruwan kaɗai kilo 300 ne, don haka teburin ƙarfe na sa mai walda ya yi, kuma gilashin mai kaurin milimita 10 ne. Me ya sa 6? Domin kifin garke ne kuma akwai cin zali a tsakaninsu, kamar dai tsattsagar kaji. In ka sa 2 ko 3, babban zai tasa ƙaramin a gaba har ya daina cin abinci. In sun kai 5 ko 6 sai faɗan ya rarrabu. Ka ajiye akwatin a ɗan sama, nesa da ƙofar da yara ke bugawa, domin suna da firgita. Kada ka haɗa su da kifin gwal, shi na ruwan sanyi ne kuma mai yawan datti. Tarwada kuwa ko da wasa.

Wajen saye ka nemi bidiyo na ranar, ka ce a ba su abinci kana gani. Lafiyayye yana rugowa gaban gilashi in ya ga mutum. Ka duba ido: in ido ya yi wa jiki girma, tsohon kifi ne da ya tsumbure, ba zai ƙara wani girman kirki ba ko me ka ba shi. Ka dube shi ta gaba, in goshinsa ya yi siriri kamar bakin wuƙa, yunwa ko tsutsar ciki ta ci shi. Wanda ya yi baƙi ya ware kansa, bar shi ko kyauta ne. Ni da zan sake farawa, masu santimita 9 ko 10 zan saya, ba 'yan ƙananan nan masu araha ba. Kuɗinsu ya fi yawa, amma sun wuce shekarun da kuskure kaɗan ke tsumburar da su. Duk sabon kifi kuma sai ya yi sati 4 a wani akwatin daban, da bokitinsa da tiyonsa. Masu kaji ba sai na yi muku dogon bayani a nan ba.

Abinci ba wuya. Akwai na gwangwani da aka yi musamman dominsu, ƙananan ƙwayoyi masu nutsewa a hankali. Ina ƙara musu da haɗin gida: zuciyar sa da aka cire wa kitse da jijiya tas, jatan lande, ɗan alayyafo da tafarnuwa, a markaɗa, a shimfiɗa siriri a leda a sa a firiza. Yana sa girma, amma yana ɓata ruwa, don haka kafin canjin ruwa nake bayarwa, kuma in firiza ta narke ta sake daskarewa zubarwa nake yi. Abincin tarwada yana da mai da yawa, tsutsar kwata kuma cuta za ta kawo maka. Duk abin da ba a cinye cikin minti 10 ba, a zuƙe shi.

Cututtukan da na fi gani biyu ne. In kifi ya daina ci yana jan farin kashi kamar zare, yawanci ƙwayoyin cutar hanji ne, ana amfani da metronidazole. In yana numfashi da sauri, ko da gefe ɗaya, yana goga jiki da abubuwa, ƙananan tsutsotsi ne a mashaƙa, maganinsu praziquantel. Ka nemi likitan dabbobi ya auna maka gwargwadon litar ruwanka, kada ka yi kirdado. Amma kafin kowane magani ka auna ruwa ka canja rabi. Sau da yawa daga nan ake warkewa.

Abin da ya riƙe ni a harkar nan, bayan duk asarar, shi ne ranar da na ga renonsu. Sukan balaga daga shekara 1 zuwa 1 da rabi, kuma su ke zaɓar junansu, ba ka haɗa su da allura kamar yadda muke yi wa tarwada. Za ka ga biyu sun ware, suna korar sauran, suna goge wani wuri da baki. Sai ka mayar da su nasu akwatin ka tsayar musu da guntun bututun roba ko ka kife tukunyar ƙasa. Macen ta jera ƙwai layi-layi a tsaye, namijin ya bi bayanta. Su biyun ke fifita ƙwan da fukafukai, cikin kwana 2 zuwa 3 ya ƙyanƙyashe, bayan wasu kwana 3 'ya'yan su fara iyo. Daga nan sai su manne a jikin iyayen suna tsotsar wani yauƙi da fatarsu ke fitarwa. In uwa ta gaji sai ta girgiza jiki ta wuce, 'ya'yan su koma kan uba. Wani bincike da Jonathan Buckley na jami'ar Plymouth a Ingila ya yi tare da masana a birnin Manaus, aka buga a 2010, ya nuna cewa daga sati na 3 iyayen kan fara guje wa 'ya'yan, kamar dai yaye. Tun kafin lokacin ake fara ba su atimiya, wadda duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya sani. A nan ne ruwa mai laushi ya zama dole, domin a ruwa mai nauyi ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa da kyau. Nawa sun cinye ƙwansu sau 4 kafin suka bar na 5, kuma daga cikinsa 31 na raya.

To akwai kuɗi a ciki? Akwai, amma ba irin wanda mai tankin lita 1,000 yake hange ba. Buroila sati 6 zuwa 8 ka sayar, tarwada wata 4 zuwa 6, kuma ko a bakin titi ka ajiye za a saya. Diskas sai ka ciyar fiye da shekara kafin ka ga ƙwan farko, jarinka a kwance, wuta da ruwa suna ci kullum. Masu sayensa kaɗan ne, yawanci a Abuja da Legas, sai ɗaiɗaikun otal da ofisoshi da masu hali. Ni abin da ya fi kawo mini kuɗi ma ba sayar da kifin ba ne, haɗa wa mutane akwati ne da zuwa duk sati ina kula musu da shi. Wanda ke son shiga kifin ado, ya fara da gofi da moli, su haihuwa suke yi ba ƙwai ba, suna da araha, suna yafe kuskure. In ya yi wata 6 bai rasa ko ɗaya ba, kuma hunturu ɗaya ya wuce ma'aunin zafinsa bai sauka ƙasa da 27 ba, sai mu yi maganar diskas.

Guda ɗayan nan da ya tsira daga cikin 6 na farko yana nan har yau. Ya tsumbure, idonsa ya yi masa girma, babu wanda zai saye shi. Umma ce ke ba shi abincin safe in na yi tafiya, kuma ta hana a mayar da shi akwatin baya.